Zafin bazara a Gure: ana iya ajiye sanyin dare a ci moriyarsa da rana

Duk ɗan kasuwar da ya shekara a Gure ya san cewa watannin Afrilu da Mayu suna da nasu haraji, wanda ba a yanka masa takarda amma kowa sai ya biya. Mai tumatir ta kasa kayanta da hantsi, kafin la'asar rabinsu sun yi laushi, dole ta karya farashi. Mai goro yana ta yayyafa wa huhunsa ruwa. Mai kanti kuwa, wanda shagonsa rufin kwano ne, da azahar sai ya fito da benci waje, ya bar sabulu da alewa da kyandir suna dahuwa a ciki. A waɗannan watanni zafin rana a yankinmu yakan haura digiri 40 a inuwa, shi kuwa kwanon da rana ke duka yakan wuce digiri 60.

Asarar ba ta tsaya ga haja ba. A ranar 3 ga Afrilu 2024 an auna digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, kuma asibitin Gabriel Touré na Bamako ya ba da labarin mutuwar mutum 102 cikin kwanaki huɗu na farkon wannan wata. Na'urar sanyaya ɗaki ba kowa ke da halin saye ba, wanda ya saya ma sai da wuta, ga shi kuma mun ga yadda ƙasa ta kasance daga watan Agusta 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, har zuwa farkon 2024.

Shi ya sa muka ga ya dace mu kawo wa masu karatu bayanin wata dabara da masana gini suka daɗe suna aiki a kanta. Ma'anarta a taƙaice ita ce zafi da sanyi ana iya ajiye su kamar yadda ake ajiye hatsi. Ɗan kasuwa yakan sayi gero da kaka lokacin da ya yi araha, ya fito da shi da damina lokacin da ya yi tsada. Haka ma gini zai iya sayen sanyi da dare, ya fito da shi da azahar.

Darasin ƙanƙara da man shanu

Mai sayar da ruwan sanyi da zoɓo ta riga ta san tushen maganar. In ta zuba ruwa mai sanyi kawai a cikin kula, kafin azahar ya yi ɗumi. In kuwa ta sa dunƙulen ƙanƙara, kayanta za su yini da sanyi. Dalili shi ne, muddin ƙanƙara tana narkewa, zafinta ba ya tashi daga digiri 0. Duk zafin da ya shigo kular, aikin narkarwa yake cinye shi, sai gutsuren ƙarshe ya narke sannan ruwan zai fara ɗumi. Kuma abin da narkewa ke cinyewa ba kaɗan ba ne: zafin da zai narkar da kilo 1 na ƙanƙara, shi ne zai ɗaga kilo 1 na ruwa daga digiri 0 zuwa digiri 80, wato kusa da tafasa. Wani masani ɗan ƙasar Sikotlan mai suna Joseph Black shi ya bayyana wannan a wajajen 1761, ya kira shi ɓoyayyen zafi, domin yana shiga abu ba tare da ma'auni ya nuna ba.

Abin da ya shiga lokacin narkewa, shi yake fitowa lokacin daskarewa. Mata sun san yadda manja da man shanu suke yin barci da hunturu, su farka in rana ta take. Lokacin da man yake narkewa yana shan zafi ne, lokacin da yake barci kuma yana mayar da shi. Kowane abu da nasa matakin: man kwakwa yana narkewa a wajen digiri 24, man shanu da man kaɗanya kusa da zafin jikin mutum, kakin zuma sai an haura digiri 60.

To, sai masana suka ce, in an sami abin da yake narkewa a daidai zafin da mutum yake jin daɗin zama, aka kulle shi cikin bango ko silin, da rana zai dinga narkewa yana shanye zafin ɗaki, da dare ya daskare ya fitar da shi, gobe kuma ya sake. Ba ya cin wuta, ba ya ƙara. Waɗannan su ne za mu kira sinadaran narke-daskare. A jikin kwali za a ga an rubuta MCP in kayan daga ƙasashen Faransanci suka fito, ko PCM in daga na Ingilishi ne. Ƙarfinsu yana da yawa: kilo 1 na irin gishirin da za mu yi magana a kansa yanzu yana shan zafin da sai laka kimanin kilo 50 za ta sha, in zafinta ya tashi da digiri 5.

Gidan gishiri na Amurka da gwangwarasar Muniyo

Gidan da aka fi tunawa da shi a tarihin wannan dabara, mata uku ne suka tsaya a kansa. A 1948, a garin Dover kusa da Boston a Amurka, Maria Telkes, masaniya ƴar asalin ƙasar Hangari, ta haɗa kai da mai zanen gini Eleanor Raymond, wata attajira mai suna Amelia Peabody ta ba da kuɗi. Damuwarsu sanyi ne, don haka suka so su tara zafin rana su ɗumama gida da dare. Suka zuba tan 21 na gishirin Glauber cikin gwangwanaye, suka jera su tsakanin bangayen ɗakuna. Wannan gishiri yana riƙe da ruwa a jikinsa fiye da rabin nauyinsa, kuma yana narkewa a digiri 32.

Gidan ya yi aiki hunturu biyu, a na uku ya gaza. Gishirin ya rabu da ruwansa, ya kwanta a ƙasan gwangwani ya daina daskarewa yadda ya kamata, sannan ya ci ƙarfen har ya fara yoyo. Daga wannan ne aka koyi cewa sai an haɗa shi da abin da zai yi masa kauri ya hana shi kwanciya, kuma a zuba shi cikin roba maimakon ƙarfe.

Abin da zai ba mutumin Gure sha'awa shi ne, wannan gishiri ɗan gida ne. Tun zamanin sarakunan Muniyo, kwarurrukan ƙasarmu da na Manga suke fitar da kanwa da manda, ayari yana kai su Kano da sauran kasuwannin kudu. Masanin tarihi Paul Lovejoy, a littafinsa na 1986 kan cinikin gishiri a wannan yanki, ya ambaci gwangwarasa, wadda majema suke amfani da ita wajen jima. Sinadarin da ya fi yawa a gwangwarasa shi ne na gishirin Glauber, sai dai busasshe ne, babu ruwan. Ita ma kanwa, sinadarin da ke cikinta in an tace shi ya sha ruwa daidai gwargwado, yana narkewa ne a wajen digiri 33.

Sai dai a yi hattara. Wannan ba ya nufin mutum ya sayo buhun kanwa ya kwaɓa cikin laka. Kanwar kasuwa gauraye take da ƙasa da wasu gishirai, ba za ta narke ta daskare bisa tsari ba, kuma duk magini ya san gishiri yana cin gindin bango. Aikin tacewa da gwaji na masana ne, kuma muna ganin aiki ne da ya dace da malaman Jami'ar André Salifou ta Damagaram, tunda kayan gwajin yana bayan ɗakinsu.

Abin da ake sayarwa a waje

A Turai an fi amfani da kaki, ɗan'uwan wanda ake yin kyandir da shi amma mai saurin narkewa. Kamfanin BASF na Jamus ya fito da wani samfuri mai suna Micronal, inda ake kulle ɗigon kaki cikin ƙwayoyin roba ƙanana kamar gari, a gauraya su cikin allon silin ko farar ƙasar shafe. Kamfanin ya ce allo mai kaurin santimita 1.5 yana ajiye zafi daidai da bangon kankare mai santimita 9. A 2017 ya sayar da wannan sana'a ga wani kamfanin Amurka. A birnin Melbourne na Ostareliya kuwa, an sa wa ofishin hukumar gari da aka buɗe a 2006 tankuna cike da ƙwallaye masu sinadarin da ke daskarewa a digiri 15. An tsara a riƙa sanyaya su da dare, da rana ruwa ya bi ta cikinsu ya zagaya ofisoshi. Wasu dogayen benaye na birnin New York ma ƙanƙara suke yi a ƙarƙashin ƙasa da dare, lokacin da wuta take araha, su sanyaya ginin da ita da rana. Lissafin ɗan kasuwa ne sak.

Kada a yi cinikin biri a sama

Kayan waje ba sa daɗewa ba su iso kasuwanninmu ba, ta Kano ko ta Yamai. Don haka ya kamata a san sharaɗin dabarar tun kafin wani ya zo da daɗin baki. Sharaɗin shi ne dare. Sinadarin da ya narke da rana, in bai sami sanyin da zai daskarar da shi da dare ba, gobe ba shi da wani amfani, ya zama kamar rumbun da ya cika ba a kwashe ba.

Allunan Turai an yi su ne su narke a digiri 23 zuwa 26, domin darensu yana da sanyi. Mu kuwa da bazara darenmu yakan tsaya a digiri 25 zuwa 28 a waje, cikin ɗaki ma ya fi haka. Allon da ke narkewa a digiri 23 zai narke a farkon Afrilu ya zauna a narke har ruwa ya sauka, wato daidai lokacin da ake buƙatarsa ba ya aiki. Wanda zai dace da mu sai mai narkewa a wajen digiri 30 zuwa 32, kuma ko shi ba zai mai da ɗaki kamar firiji ba, zai dai rage kaifin zafin azahar da ƴan digiri. Da hunturu ne abin ya fi sauƙi, lokacin da rana take da ɗumi, dare kuma ya sauka digiri 15 ko ƙasa. A nan sinadarin zai tara ɗumin rana ya ba yara da tsofaffi da asuba.

Saboda haka duk wanda aka yi wa tallan irin wannan kaya, ya tambayi a digiri nawa yake narkewa, a duba a takarda. Ya tambayi ko kaki ne ko gishiri. In kaki ne, yana cin wuta, kuma ƴan kasuwar Nijar ba su manta gobarar babbar kasuwar Yamai ta 1982 ba. In gishiri ne, a duba mazubinsa, kada ya zama ƙarfe. Sannan a tuna cewa ɗakin da ba shi da tagar da iskar dare za ta ratsa, ko an cika shi da sinadari kuɗi kawai aka zubar.

Da tsohuwar zuma ake magani

Kafin wannan kaya ya iso, kuma ya yi arahar da mai tebur zai iya saye, akwai ma'ajiyar zafi da muka gada, wato laka. Ita ba ta narkewa, yawanta ne yake yin aikin. Bango mai kaurin santimita 30 zuwa 40 yakan jinkirta zafi awa 8 zuwa 10 kafin ya ratsa ciki, shi ya sa zaurukan unguwar Birni a Damagaram da soraye na tsofaffin gidajen Agadas suke da sanyi da tsakar rana. Kwano kuwa ba ya ajiye komai, yadda rana ta doke shi haka yake miƙo wa na ƙasa nan take.

Masu ilmin zamani sun dawo kan laka. Tun 1980 aka fara koyar da magina gini marar itace a Cikal ta ƙasar Filinge, wato rufin tulluwa da baka da tubalin ƙasa, ba azara ba kwano. Mariam Kamara, ƴar Nijar mai zanen gini, ta yi gidajen da ake kira Niamey 2000 da tubalin ƙasa matsattse a 2016, sannan a 2018 ta gina kasuwar Dandaji a jihar Tawa, inda rumfuna na tubalin ƙasa ne, a sama kuma aka kafa faifan ƙarfe masu launi a kan sanduna don su ba da inuwa iska tana wucewa. A Burkina Faso, Francis Kéré ya ɗaga kwanon makarantar ƙauyensu Gando sama da silin na tubali, ya bar fili iska tana ratsawa tsakani. A 2022 ya sami kyautar Pritzker, wadda ita ce mafi girma a duniyar zanen gini.

Laka ma tana da nata sharaɗi, kuma iri ɗaya ne da na sinadari. Zafin da ta sha da rana da dare take amayar da shi, shi ya sa da bazara muke kwana a tsakar gida. Ɗakin da aka kulle ruf da magariba zai wayi gari da zafin jiya. Dabarar ita ce a rufe ƙofa da taga da rana, a buɗe da dare. Ga shago, inda ake tsoron ɓarayi, ƙananan tagogi biyu masu ƙarfe a saman bango, suna kallon juna, sun wadatar. Ɗaya raunin kuma ruwa ne. A watan Satumba 2024 ruwan sama ya rushe tsohon masallacin Birni na Damagaram, wanda aka gina tun tsakiyar ƙarni na 19. Ginin ƙasa yana son tushe mai tsawo na dutse ko siminti, da indararo mai kai ruwa nesa da bango, da yaɓe kafin kowace damina.

Randa da firiji

Akwai kuma wani sauyin da ya fi narkewa cin zafi, wato ruwa ya zama tururi. Kilo 1 na ruwa in ya bushe yana tafiya da zafin da ya ninka na narkewar ƙanƙara kusan sau 7. Sirrin randa ke nan: ruwa yana tsattsafowa ta jikinta, iska tana busar da shi, na ciki yana yin sanyi. Marigayi Mohammed Bah Abba, malami daga jihar Jigawa wanda ya tashi a gidan maginan tukwane, ya ɗauki wannan ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen rairayi, ya rufe da ɗanyen ƙyalle. A gwajinsa, yalon da yake lalacewa cikin kwana 3 ya kai kwana 27, tumatir da tattasai suka yi mako 3, alayyafo ya yi kwana 12. A shekarar 2000 ya sami kyautar Rolex saboda wannan aiki. A Indiya kuma ana yin irinta da girma: a gina akwati mai bango biyu na jan bulo a ƙarƙashin rumfa, a cika tsakani da rairayi, a dinga jiƙawa safe da yamma. Mata biyar ko shida masu kayan miya za su iya haɗa kuɗi su gina ɗaya. Busasshiyar iskar Gure ta dace da ita ƙwarai daga hunturu zuwa bazara, amma da damina, in iska ta yi laima, sanyinta yana raguwa.

Mai firiji kuwa, ƙanƙara ita ce sinadarin narke-daskare mafi araha da zai samu. Firijin ajiye allurar rigakafi masu aiki da hasken rana, irin na zamani, da yawansu ba su da batir: da rana suna daskarar da ruwan da ke cikin jikinsu, da dare ƙanƙarar ta riƙe sanyi. Mai sayar da nama ko madara zai iya kwaikwayon wannan. Ya cika duk gurbin da ba kaya da robobin ruwa, ya bar ɗan fili a bakin kowace, domin ruwa yana kumbura da kusan kashi 9 cikin 100 in ya daskare. In wuta ta ɗauke, kada a yi ta buɗewa. Ga kayan da ake so su zauna a sandare, a zuba gishirin miya a ruwan robar, saboda ruwan gishiri yana narkewa ƙasa da digiri 0, zai fara narkewa ya sha zafin kafin naman ya saki. Babban dunƙule kuma ya fi ƙanana daɗewa, balle in an naɗe shi da buhu.

Kafin bazara mai zuwa

Wanda zai gina sabon shago a bana, ya zauna da magininsa su yi lissafin kaurin bango da tagogin sama kafin a yi maganar fenti. Wanda ya riga ya rufa kwano, ya fara da inuwa, domin zafin da aka hana shigowa ba sai an nemi inda za a ajiye shi ba: silin na tabarma ko zana da fili tsakaninsa da kwano, farin fenti a saman rufi, rumfa ko itacen dogon yaro a gefen da ranar yamma take duka. Bayan an yi waɗannan ne sinadarin narke-daskare zai iya ƙara wani abu, in ya zo da matakin narkewar da ya dace da darenmu.

Muna kuma kira ga hukumar gari da shugabannin ƴan kasuwa, duk lokacin da za a gina sababbin rumfuna a Gure ko Gidigir ko Subdu, a tura wakilai su je Dandaji su gani da idonsu, su tambayi masu zama a rumfunan yadda azahar take yi musu, kafin a sa hannu a kwangilar kwano. Kuɗin motar zuwa da dawowa bai kai tumatirin da bazara ɗaya take ruɓar wa matan kasuwa ba.

Allah ya ba da kasuwa mai albarka, ya kai mu damina lafiya.